Daga Ruga Zuwa Kanti: Yadda Ake Auna Tafiyar Madara

Kowane kamfanin abin sha, na lemo ne ko na yogot, yana da doguwar hanyar da kayansa ke bi: daga mai kawo ɗanyen kaya zuwa masana'anta, sai sito, sai dillali, sai kanti. Masana kasuwanci kan auna ingancin wannan hanya da ƙididdiga. Cikin oda ɗari, nawa aka kai cif a kan lokaci? Kwana nawa katan ke yi a sito? Nawa aka dawo da su don sun lalace? Ma'aunai ne masu amfani, sai dai direba yana iya rubuta lokacin da ya ga dama.

Kamfanin madara kuwa yana da mai shaidar da ba a iya ruɗa, wato bakteriya. Idan yanayi ya yi mata daɗi, ƙwaya ɗaya kan rabu biyu cikin minti 20. Cikin awa 7 ke nan ta haura miliyan 2. Shi ya sa ake son a sanyaya madara zuwa digiri 4 na santigireti jim kaɗan bayan tatsa. Duk jinkirin da mai babur ya yi tsakanin ruga da cibiyar tattarawa, da duk awar da injin sanyi ya tsaya, yawan ƙwayoyin zai tona su. Kada mai karatu ya ce ai za a dafa. Zafin digiri 72 na daƙiƙa 15 yana kashe mafi yawansu, amma ba ya cire tsamin da suka riga suka zuba.

Ga yadda ake gwadawa. A zuba mililita 10 na madara a bututun gwaji, a ƙara mililita 1 na rinin metilin mai shuɗi wanda aka tsarma sosai, a toshe, a ajiye cikin ruwa mai ɗumin digiri 37. Bakteriya na shanye iskar oksijin, shuɗin ya kore, madara ta koma fara. In ya kore kafin rabin awa, madarar ta wahala a hanya. In ya wuce awa 6, an kula da ita.

Malamai su gwada da ɗalibai: a raba madarar safe biyu, ɗaya a ƙanƙara, ɗaya a inuwa har azahar, sannan a kama agogo. Kada kowa ya sha wadda aka sa wa rini.