Kafin ka saka laburaren wani cikin manhajarka

Maganar nan da kai nake yi, kai da ka zauna ka ce za ka rubuta manhaja guda ta yi aiki a Android da iPhone da kwamfuta, ko da Flutter kake aiki, ko React Native, ko Qt. Mafi yawan kod ɗin da zai shiga wayar mutane da sunanka ba kai ka rubuta shi ba. Wasu ne suka rubuta, a garuruwan da ba ka taɓa zuwa ba, suka ajiye a fili kowa ya ɗiba. Ranar da abin ya wargaje kuwa, Alhajin da ya biya ka kuɗin aiki bai san su ba. Lambar wayarka yake da ita. Ga sharuɗɗan, kuma ba shawara nake ba ka ba.

Kada ka saka laburaren da ba ka san mai kula da shi ba. Kafin ka buga umarnin saukewa, buɗe shafinsa a GitHub ka duba yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, mutum nawa ke da ikon fitar da sabuwar siga, kuma ƙorafi nawa ke jibge ba wanda ya tanka. Yawan taurari ba shaidar komai ba ne, ɗan kallo ma yana danna tauraro ya wuce.

Idan kana ganin wannan ɓata lokaci ne, ka tuna XZ Utils, ƙaramin kayan matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da shi. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya shafe shekaru yana fama da shi ba albashi. Sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya ɓullo, ya yi kimanin shekara biyu yana aiko gyare-gyare masu kyau, ba rashin kunya, ba gaggawa. A gefe guda wasu baƙin sunaye suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa aiki ya tsaya, ya ba wani dama mana. Aka ba Jia Tan dama. A siga ta 5.6.0 da ta 5.6.1 ya dasa ƙofar baya wadda za ta ba shi hanyar shiga kwamfutocin mutane ta SSH. Abin da ya tona asirin a ranar 29 ga Maris 2024 shi ne wani injiniyan Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL, Andres Freund, ya lura shiga SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi barin maganar sai da ya bi ta har tushe. Rabin daƙiƙa! Kai da manhajarka ke yin daƙiƙa biyar kafin ta buɗe kana cewa netwok ne.

Ba kuma shi ne karon farko ba. A 2018 mai laburaren event-stream ya gaji da shi, ya miƙa wa wani da ya nemi ya taimaka, shi kuwa ya cusa kod na satar kuɗin masu amfani da jakar Bitcoin ta Copay. Idan ka ga laburare ya sauya hannu, ka tsaya ka karanta abin da sabon hannun ya ƙara.

Kada ka jawo laburare saboda aikin layi goma. A Maris 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani da kamfanin Kik a kan sunan wani ƙunshi, hukumar npm ta ba kamfanin gaskiya, shi kuma ya fusata ya kwashe ƙunshinsa sama da 250. Cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa ya cika gefen hagu na rubutu da sarari ko sifiri. Babel da ɗimbin ayyukan da suka dogara da shi suka daina ginuwa, sai da npm ta dawo da ƙunshin da kanta. Abin da za ka iya rubutawa kafin shayinka ya huce, rubuta abinka. Amma ka ji da kyau: wannan bai shafi ɓoye sirri da lissafin kwanan wata ba. A waɗannan biyun, kada ka kuskura ka ce za ka ƙirƙiro naka.

Ka kulle sigogi, ka ajiye fayil ɗin kullen a cikin Git. Ko package-lock.json ne, ko yarn.lock, ko pubspec.lock, in dai manhaja kake ginawa, wurinsa cikin ma'ajiyar aiki. Lambobin siga uku ne bisa al'ada: ta farko idan an canza abin da zai iya karya aikinka, ta biyu idan an ƙara sabon abu, ta uku idan gyaran kuskure ne. Ƴar alamar nan ta ^ mai kama da hular kwano da ke gaban lambar ma'anarta ka yarda a kawo maka duk sabon abin da bai taɓa lambar farko ba. To al'ada ce, ba rantsuwa ba. A Janairu 2022 mai colors.js ya fitar da sabuwar siga da gangan wadda ke sa shiri ya yi ta zubo shirme a allo ba tsayawa, kuma duk wanda bai kulle ba ya kwashe ta da safe tare da sauran kaya.

Kada kuma kullen ya zama barci. Nan ne da yawa suke faɗuwa, su kulle su manta shekara uku. An fitar da gyaran ramin da ke cikin Apache Struts a Maris 2017, kamfanin Equifax na Amurka bai saka ba, ɓarayi suka shiga ta nan suka kwashe bayanan mutum kimanin miliyan 147. A Disamba 2021 aka bayyana ramin Log4Shell a cikin Log4j, kuma babban tashin hankalin shi ne kamfanoni da yawa ba su ma san suna ɗauke da Log4j ba, domin wani laburaren ne ya shigo da shi a goye, shi ma wani ne ya goyo shi. Ka ware rana guda a wata. Ka buga npm audit ko flutter pub outdated, ka kunna Dependabot, ka karanta bayanin canje-canje kafin ka sabunta, ka sabunta ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa. Idan ka ɗaga guda ashirin lokaci guda abu ya karye, a wa za ka ɗora laifin?

Ka karanta lasisi, kai da idonka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Buɗaɗɗen tushe yana nufin an nuna maka kod an kuma ba ka izini bisa sharaɗi, ba yana nufin ba shi da mai shi ba. MIT da BSD, waɗanda React Native da Flutter ke ƙarƙashinsu, sauƙi ne da su: yi abin da ka ga dama, amma ka bar sunan mai haƙƙi da rubutun lasisin tare da manhajarka. Wannan ƙaramin sharaɗin ma ana take shi kullum, alhali Flutter ta tanadi shafin nuna lasisai, kira ɗaya za ka yi ya fito. Apache 2.0 kusan haka take, da ƙarin magana a kan haƙƙin ƙirƙira. GPL kuwa ta ce idan ka haɗa kod ɗinta da naka ka rarraba wa jama'a, to dole ka ba su tushen naka a kan sharaɗi iri ɗaya. AGPL ta ƙara da cewa ko ta intanet kawai mutane ke amfani da abin da ka gyara, sai ka ba su tushen.

Mai aiki da Qt ya fi kowa buƙatar nutsuwa a nan. Akwai lasisin kuɗi, akwai LGPL, wadda ke barinka ka rufe kod ɗinka muddin mai amfani zai iya cire Qt ɗin da ka saka ya maye da nasa, sannan akwai wasu sassa irin su Qt Charts da ba a bayar da su a LGPL, sai dai GPL ko ka biya. Ka bincika sashe-sashe. Kod ɗin da ka tsinta a GitHub ba lasisi ko kaɗan kuwa, wannan ba naka ba ne, ba a ba ka izinin komai ba. Kuma lasisi yana sauyawa: Terraform ya bar buɗaɗɗen lasisi a Agusta 2023 har aka ɓalle aka kafa OpenTofu, Redis ya yi irin haka a Maris 2024 aka kafa Valkey.

Kada ka yarda cewa rubutu ɗaya na nufin gwaji ɗaya. Tun zamanin da kamfanin Sun ke tallan Java ake yi mana wannan alƙawari na rubuta sau ɗaya ya yi aiki ko'ina. Kod ɗin ɗaya ne, amma neman izinin kyamara, saƙon sanarwa, maɓallin komawa baya, da yadda waya ke kashe manhajar da ke aiki a ɓoye, kowane dandali da halinsa. Airbnb sun rungumi React Native suka sake shi a 2018, kuma cikin dalilan da suka bayar akwai cewa maimakon dandali biyu sai suka tsinci kansu suna kula da uku. Idan ka yi wa mutum alƙawarin iPhone, ka sani ana buƙatar Xcode a kan Mac, kuma Apple na karɓar dala 99 duk shekara, Google Play kuma dala 25 sau ɗaya. Ka saka wannan a lissafi tun kafin ka faɗi farashi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwajin kuma a kan waya ta gaske, ba ta cikin kwamfutarka ba. In masu amfani da manhajar a Kano ko Maraɗi suke, ka nemo Itel ko Tecno mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda hotunan biki suka cika ta, ka kashe data a tsakiyar aiki ka ga abin da zai faru. Ka duba nauyin manhajar. Kowane laburare da ka ƙara, wani ne zai biya shi da kuɗin datarsa. A kwamfuta ma haka: Electron yana ɗauke da Chromium sukutum a cikin kowace manhaja, wannan ya dace da VS Code, bai dace da ɗan shirin rubuta rasit ba.

Ka gwada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tun ranar farko. Wannan na koya ne da kunya. Na taɓa yi wa wani mai sayar da kayan masarufi manhajar rubuta bashi, na zaɓo wani kyakkyawan salon haruffa, komai ya yi tsaf a idona domin da sunayen Turanci na yi gwaji. Ranar miƙa aiki ya rubuta ɗanwake, sai ga akwatin banza a madadin harafin farko. Ya kalle ni ya ce, Malam, wayar ce ba ta jin Hausa ko kai ne? Dalilin shi ne a tsarin Unicode ƙaramin ɓ da ɗ suna wani rukuni daban da na ƙ da manyan haruffan, saboda haka salon haruffa yana iya samun wani ya rasa wani. Noto Sans na Google da Andika na SIL suna da su duka.

Ba a nan ta tsaya ba. SQLite, wadda yawancin manhajojin waya ke ajiya a cikinta, ba ta daidaita babban harafi da ƙarami sai a haruffan Turanci, idan ba ka ƙara mata wani abu ba. Wanda ya nemi ɗan da ƙaramin harafi ba zai samu Ɗan ba. Sannan mutane da yawa ba su da allon rubutu mai ƙugiya, za su buga kasa suna nufin ƙasa, wasu su rubuta 'ya da waƙafin sama, wasu ƴa. Ka sa bincikenka ya haɗa waɗannan duka, amma kada ka goge ƙugiyar daga abin da kake ajiyewa. In akwai Ajami ko Larabci, ka juya shafin daga dama zuwa hagu ka ga ko maɓallai sun bi.

Kada ka ɗaura aure da firemwok. Adobe ta rufe PhoneGap a 2020. Microsoft ta sayi Xamarin a 2016, ta daina tallafa masa ranar 1 ga Mayu 2024, ta ce kowa ya koma .NET MAUI. Ka raba lissafin kasuwancin manhajarka da kod ɗin da ke zana allo, yadda in ranar ƙaura ta zo za ka ɗauki kayanka ka bar ɗakin.

Kada ka gyara laburare a cikin node_modules. Saukewa ta gaba za ta share gyaran, kai ma ka manta ka taɓa yi. Ka yi reshenka, ko ka ajiye facin a fili, ka kuma aika wa masu shi.

Kada ka saka makullin sirri a cikin manhajar waya. Duk abin da ya shiga fayil ɗin APK ana iya buɗe shi a karanta. Makulli a saba yake zama. In kuma ya taɓa shiga Git ko sau ɗaya, goge shi bai wadatar ba, soke shi ka karɓi sabo.

Ka kai ƙorafi kamar mai ladabi. Wanda kake rubuta wa, sau da yawa bayan ya tashi daga aikin da ke ciyar da shi yake duba saƙonka, kuma ba ka biya shi ko sisi ba. Kada ka rubuta masa cewa abin ba ya aiki ka yi shiru. Ka faɗi sigar laburaren, da ta firemwok, da irin wayar, ka haɗa ɗan ƙaramin misali da zai iya kunnawa ya ga matsalar da kansa, ka kuma duba ko wani ya riga ka kawo ta. Idan ramin tsaro ka gano, kada ka baza shi a bainar jama'a. Nemi fayil ɗin SECURITY.md ka bi hanyar da suka tanada a asirce. In laburaren na kawo maka kuɗi, akwai GitHub Sponsors da Open Collective, ka tura wani abu.

Ka miƙa aiki da takardarsa. Sunan kowane laburare, sigarsa, lasisinsa, da sigar Flutter ko Node ko Qt da aka gina da ita. Asusun Google Play da na Apple kuma a buɗe su da sunan mai manhajar, makullin sa hannun Android a ba shi kwafinsa a hannu, a gaban shaida.