Yadda Baƙo Zai Gano Tukunya Mai Daɗi a Kafanchan

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raina. Tun da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna a nan a shekarar 1927, wani reshe kuma ya haura Jos, sai garin ya zama matattara: ma'aikatan reluwe daga Kudu, fatake Hausawa, Fulani masu shanu, ga kuma 'yan ƙasa, Fantswam da Kaninkon da Bajju da Atyap da mutanen Kagoro da na Jaba. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ma ta komo cikin garin. Yau tashar jirgin ta yi tsit, amma girke-girken da jirgin ya kawo suna nan daram. A layi ɗaya mutum zai tarar da tuwon shinkafa da miyar kuka, da sakwara da miyar agushi, da faten acca yana tururi. Abinci kam akwai shi. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne a gaban wace tukunya zai zauna.

Kafin ya tambayi wuri, gara ya fara tsai da abin da zai ci. Wanda ya ratso Kachia da Zonkwa daga Kaduna, ko ya gangaro ta Manchok da Kagoro daga Jos, sannan ya ƙare a kan shinkafa dafa-duka irin wadda ya baro a gida, ya yi asarar tafiya. Abincin wannan ƙasa acca ce. Ƙwayarta ƙarama ce ƙwarai, tana yi a ƙasa mai tsakuwa inda masara ba za ta yi armashi ba, kuma tana nuna da wuri, kafin dawa ta iso. Ƙasar Gini ce kan gaba wajen nomanta a duniya, Nijeriya na biye, kuma a 2018 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da ita a kasuwanninta. A nan gida kuwa masu ciwon suga sun daɗe suna nemanta. Ana yin tuwo da ita, ana dama kunu, ana turara ta a ci da miya, amma fate ne ya fi nuna hannun mai girki.

Faten kirki daga ido ake fara gane shi. Ganye ya yi yawa har ya kusa rinjayar tsakin: yakuwa don tsami, alayyafo, da gauta da aka yayyanka don ɗan ɗacin nan da ke buɗe baki. Dakakkiyar gyaɗa ce ke ba shi kauri da maiƙo, wasu su ƙara wake, wasu su jefa ƙashi ya dahu a ciki har romonsa ya ratsa. Bai kamata ya tsinke ba, bai kuma kamata ya daskare a kwano ba. Jarrabawa ta ƙarshe tana bakin haƙori. Acca tana zuwa da yashi, sai an zauna an rege ta da ƙwarya, ana juyawa daga wannan zuwa waccan, sau da yawa. Idan loma uku suka wuce haƙori bai ci karo da yashi ba, to mai wannan tukunya ba ta ha'inci a aikinta, kuma sauran girkinta ma za a iya amincewa da shi.

Bayan wannan sai lokaci, domin kowane abinci da sa'arsa. Da sassafe wajen tashar mota da bakin kasuwa ne ke da rai: koko da ƙosai, waina tana fitowa daga tanda, kunun gyaɗa, mai shayi da burodi da ƙwai. Tuwo da fate na rana ne, kuma masu hannu mai kyau ba sa kai la'asar da saura. Wanda ya iso ƙarfe uku ya tarar da kula cike, ya kamata ya tambayi kansa me ya sa. Da magariba gari ya koma hannun masu tsire da balangu da gasasshen kifi da farfesu.

Waya ba za ta yi wani taimako sosai ba. Taswirar Google takan nuna otal-otal da manyan gidajen abinci, amma rumfar da ma'aikata ke layi a gabanta sau da yawa ko allon suna ba ta da shi, da sunan mai ita ko na ɗanta ake kiranta. Don haka sai a koma ga mutane, matambayi ba ya ɓata. Waɗanda suka fi sani su ne masu cin abinci a waje kullum da kuɗin aljihunsu: direbobin tasha da 'yan kamasho, 'yan acaɓa, ma'aikatan jinya na babban asibitin garin, ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Hausa ce harshen kasuwa a duk yankin, kowa zai ji.

Yadda aka yi tambayar ma yana da muhimmanci. Idan baƙo mai kyakkyawar shiga ya ce a nuna masa wuri mai kyau, don a girmama shi sai a tura shi otal mai fanka da talabijin. Gara ya ce, “Malam, don Allah kai a ina kake cin tuwo?” ko kuwa, “Mama, wa ya fi iya faten acca a nan kusa?” Ya tambayi mutum biyu ko uku da ba su san juna ba. Wurin da aka ambata sau biyu, can zai nufa.

Akwai kuma tambayar da ba a jin kunyarta a Kafanchan, wato wane nama ne a tukunya. Musulmi da Kirista suna zaune a garin, kuma kowa da abin da yake ci. A Katsit, dab da garin, ake cin ɗaya daga cikin manyan kasuwannin aladu na Nijeriya duk ranar Alhamis, 'yan kasuwa na zuwa har daga Kudu su yi lodi. Saboda haka akwai wuraren da ake sayar da naman alade, wasu kuma da burkutu a gefe, akwai kuma waɗanda ba sa taɓa su ko kusa. Baƙo Musulmi ya gaisa, ya ce, “Mama, sannu da aiki. Naman me kuke da shi? Yankan wa ne?” Mai abinci za ta faɗa masa gaskiya, sau da yawa ma ita ce za ta nuna masa rumfar da ta dace da shi, domin ba ta son abin da zai ɓata mata suna. Wanda yake son ya huta da tambayar gaba ɗaya sai ya nufi unguwannin da ke kewaye da fadar Sarki da babban masallaci. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya yamutsa fuska ko ya yi wa abincin wasu baƙar magana. Garin ya ga rikici a baya, tun daga na 1987, kuma mutanensa sun san tsadar zaman lafiya. Ladabin baƙo a bakin rumfa yana cikin abin da ke kiyaye shi.

In an isa wurin, kada a yi saurin zama. A ɗan tsaya a duba. Tukunya tana kan wuta, ko an juye tun safe? Miya a rufe take? Ruwan wanke kwanuka ana sauya shi, ko ya yi kauri da maiƙo? Mai zuba abinci ita ce ke karɓar kuɗi da hannun da take kwasar tuwo? Su wa ke ci? Inda aka ga mata da yara suna zuwa da kwanukansu daga gida suna saye, wannan babbar shaida ce, don matar gida ba ta sayen girkin da bai kai nata ba. A wajen mai tsire kuwa a zaɓi tsinken da za a gasa a gaban ido, a bar wanda aka jera tun ɗazu, a kuma shinshina ƙuli-ƙulin, don in ya kwana biyu yakan yi wari. Ruwan sha a sayi na leda ko na gora.

Mai kwana biyu ko uku a yankin ya leƙa waje. Ranar 1 ga Janairu ta kowace shekara Kagoro na cika maƙil saboda bikin Afan, kuma masu abinci na bin taron, sai dai a ci da wuri kafin rana ta taɓa girkin. Mai zuwa kallon ruwan da ke zubowa daga dutse a Matsirga ya tafi da guzurinsa. Ta wajen Kwoi da Kachia kuwa ƙasar citta ce, wadda ba ta da na biyu a Nijeriya, kuma ana jin ta a kunun zaƙi da zoɓo da farfesu, tana da zafin da ke kama maƙogwaro. Cutar da ta afka wa gonakin citta a 2023 ta durƙusar da manoma da yawa, farashi ya yi tashin gwauron zabo, saboda haka wanda ya sha kunu ya ji citta ta fito sosai, ya san mai damun ba ta yi rowa ba. A ranakun kasuwa ana samun matan Fulani da fura da nono, da masu atili da gwaza da doya. Duk inda aka je, a tambayi direbobi halin da hanya take ciki, a kuma komo gari kafin duhu.

Wajen biya, a ji farashi tun kafin a zuba, malmala nawa, nama nawa. A riƙe canji a aljihu, don ba kowace rumfa ce ke karɓar kuɗi ta waya ba, sabis ma yakan ɗauke. In abincin ya yi daɗi a faɗa wa mai shi, a kuma tambaye ta abin da za ta ɗora gobe da ƙarfe nawa yake sauka. Tuwon acca da miyar karkashi ba kullum ake samunsa ba saboda wahalar gyaran accar, amma wasu masu abinci sukan yi shi idan an sanar da su tun yau, an kuma ba da wani abu na cefane.