Fumfuna a ɗakin haya: wa zai biya?

Da zarar ruwan Agusta ya kankama, ƙorafi ɗaya ke ta zuwa mini daga Gumel da Maigatari, har Gagarawa da Sule Tankarkar: bango ya yi baƙi, katifa ta ɗau wari, atamfofin cikin akwati sun yi fumfuna. Mai gida ya ce ƙazantar ɗan haya ce. Ɗan haya ya ce gidan ne ruɓaɓɓe, don haka ko sisi ba zai ƙara biya ba. Na gaji da jin maganganun nan biyu.

Fumfuna ba ta tsirowa sai da laima, saboda haka a fara neman inda ruwan ya fito. In kwano ne ya huje, ko indararo ya karye ruwa na bin bango, ko an yi gini ba a shimfiɗa ledar tare danshi a tushe ba, har gindin bango yana fitar da farin gishiri, fulasta na ɓarewa, wannan aibin gini ne, na mai gida. In kuwa ɗan haya ne ya liƙe taga da leda, yana shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗaki, ko ya bar shara ta toshe kwata ruwa ya kwanta jikin katanga, sakacinsa ne, shi zai gyara.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne riƙe kuɗin haya. Ɗaliban kwalejin ilimi ta Gumel da ma'aikatan da aka turo daga wasu garuruwa sun ɗauka cewa da zarar ɗaki ya yi yoyo, haya ta faɗi. Ba haka fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'armu ke aiki da shi, ya ce ba. Muhtasar na Shaihu Halilu ya kawo mas'alar yoyon ruwan sama ƙarara: ba a tilasta wa mai gida gyara, amma in aibin mai cutarwa ne, ɗan haya na da zaɓi. Ko ya warware hayar ya tashi, ko ya zauna. In ya zauna, kuɗin haya cikakke na wuyansa. Ka kwana wata uku da roba a tsakar ɗaki tana tarar ruwa, ba ka ce uffan ba, sannan ka je gaban alƙali neman ragi? Zamanka shi zai kayar da kai. Haka nan kada ka kira magini ka gyara, ka zaftare daga kuɗin haya ba da yardar mai gida ba, don ana iya ɗauka kyauta ka yi masa.

Ku kuma masu gidaje, ɗan haya amintacce ne, ba ya ramuwar abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ta'adi. Ba ku da hurumin cewa sai ya yi fenti kafin ya tashi alhali rufinku ne ya zubar. Ɗabi'ar da ta fi ɓata mini rai ita ce a shafe baƙin bango da farar ƙasa a watan Maris, dillali ya nuna ɗaki tas, ya karɓi la'adarsa, shi da mai gida duk sun san abin da damina za ta tona. Wannan algus ne. Fenti ba ya kashe fumfuna, kuma yaron da ke da asma shi zai kwana yana shaƙar ta.

Ranar da ka ga tabon farko, ɗauki hoto da waya, ka sanar da mai gida a rubuce ko gaban shaidu biyu. In ya amince ka gyara a cire daga haya, a rubuta adadin, ya sa hannu. In ya ƙi, a je wurin mai unguwa kafin a kai ga kotu. Kafin nan ka fitar da kaya rana, ka janye sif da gado daga jikin bango, ka wanke wurin da omo, ka buɗe taga. Masu hayar shaguna a kasuwar Maigatari su ɗora buhuna a kan katako, ba a ƙasa ba. Wanda kuma zai kama sabon ɗaki da rani, ya dubi silin da gindin bango, ya tambayi maƙwabta yadda gidan yake da damina tun bai ba dillali kuɗi ba.