Daga Kara zuwa Kwata: Haƙƙin Dabba Kafin Yanka

A sana'ar fawa ta ƙasar Hausa, hankali ya fi karkata ga halaccin yanka: a yi basmala, a fuskantar da dabba alƙibla, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kamar yadda fiƙihun Malikiyya ya shimfiɗa. Sai dai wahalar saniya takan faro ne tun daga kara, inda ake cusa ta cikin tirela ba ruwa ba abinci, a murɗe mata wutsiya idan ta turje. Dokar Penal Code ta Arewa ta haramta azabtar da dabba, amma likitan dabbobi a kwata lafiyar nama ya fi dubawa, Sarkin Fawa kuwa sha'anin mahauta. Da wuya a ga jami'in da ke bibiyar halin dabbar a hanya.