Wa Zai Zauna da Mama?

Karatu: Markus 7:9-13

Ƙaunatacce, wataƙila kana cikin dattawan da ke zagaya ikilisiyoyi suna faɗakarwa a kan cutar mantuwa ta Alzheimer. Madalla. Tun 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya nuna ciwon ƙwaƙwalwa ce, amma har yau tsohuwa takan ɓata hanya a kira ta mayya. Dole wani ya yi magana.

To, in Mama na fama da ita a gidanka, wa ka bar mata? Masu wannan ciwo sukan fi ruɗewa da yamma, daidai lokacin tarurrukanmu, kuma fuskar da suka saba da ita ce ke kwantar musu da hankali. Yesu ya tsawata wa masu hana iyaye taimako da sunan sun keɓe wa Allah. Lokacinka ma yana iya zama Korban.

Kafin ka amsa gayyatar 21 ga Satumba, ranar cutar ta duniya, zauna da iyalinka ku raba kwanakin jinya. Ɗauki taron safe, bar wa matasa na yamma. In za ka ba da shaida kuwa, rufa wa Mama asiri. Jikokinta na zaune suna ji.