Laburaren Jami'a Da Rumbunan Kwamfuta Ga Mai Son Karanta Adabin Turanci

 Da yawa daga cikinmu muna da burin in Allah ya sa mun ci jarrabawar fita, mu wuce jami'a mu karanta adabin Turanci. Wannan buri ne mai kyau. Amma akwai abu guda da ya kamata mu sani tun yanzu. A nan sakandare littattafan da ake ba mu ƙidayayyu ne, malam ya yi mana bayaninsu, ya rubuta a allo mu kwafa. A jami'a kuwa, malami tambaya zai ba ka, ya ce ka kawo amsa bayan mako biyu. Inda za ka samo amsar, wannan ya rage naka. Wanda bai iya neman abu a laburare ba, ko da kansa yana ja, wahala zai sha. Shi ya sa na ga ya dace in ɗan yi mana bayani a kan yadda wannan nema yake.

Da farko, ɗalibin adabi yana bukatar karatu iri biyu. Akwai littafin asali, wato ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo ko waƙa, kamar Things Fall Apart na Chinua Achebe wanda ya fito a 1958, ko The Stillborn na Zaynab Alkali na 1984. Sa'an nan akwai sharhin masana a kan littafin. Galibin wannan sharhi yana fitowa ne a mujallun ilimi, inda sai wasu masana sun duba maƙala sun amince kafin a buga ta. Misalinsu ita ce Research in African Literatures, wadda aka fara bugawa a Amurka a 1970. Ɗalibi zai karanta littafin asali da kansa, ya ji abin da masana suka ce, sa'an nan ya kawo nasa ra'ayin da hujja.

To, ina ake samun waɗannan abubuwa? Wuri na farko shi ne ginin laburare. Kowace jami'a tana da babban laburarenta. Na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, sunansa Laburaren Kashim Ibrahim, don tunawa da tsohon Gwamnan Jihar Arewa. Na Jami'ar Ibadan kuma sunan masanin tarihi Kenneth Dike aka sa masa. A irin waɗannan wurare, in mutum ya ce zai bi kanta-kanta yana duba littattafai, zai wuni bai ga abin da yake nema ba. Dole ya fara da katalogi, wato jerin sunayen littattafan da ke akwai. A da jerin nan a kan katuna yake, cikin ƙananan aljihunan katako. Yanzu jami'o'i da dama sun sa shi a kwamfuta. Ka rubuta sunan marubuci ko na littafi, sai ta ba ka lambar da ke manne a gadon bayan littafin, lambar nan ce za ta kai ka kantar da yake.

Lambobin nan suna da tsari. Laburaren makarantun sakandare sun fi amfani da tsarin Dewey, wanda aka fito da shi a 1876. A cikinsa adabin Turanci yana lamba 820, waƙoƙi 821, wasan kwaikwayo 822, ƙagaggun labarai 823. Yawancin jami'o'inmu kuwa suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda ke haɗa haruffa da lambobi. Haruffan PR na adabin Turanci ne, PS na adabin Amurka, PE kuma na nazarin harshen Turanci kansa. Marubutan Nijeriya da suka yi rubutu da Turanci, irin su Achebe da Wole Soyinka, ana samun su a PR9387. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya rage wa kansa yawo mai yawa.

Wuri na biyu shi ne rumbunan bayanai na kwamfuta. Kamar yadda manomi ke tara hatsi a rumbu, haka aka tara dubban mujallu da littattafai a intanet, aka tsara su yadda za a iya bincikawa. Da yawansu ba kyauta ba ne. Jami'a ce ke biyan kuɗin rajista, ɗalibi kuma ya shiga ta kwamfutocin laburare, ko da sunan shiga da kalmar sirri da za a ba shi. Bari mu ambaci waɗanda ɗalibin adabi ya fi bukata.

Na ɗaya shi ne JSTOR, wanda aka kafa a Amurka a 1995. Aikinsa adana mujallun ilimi tun daga fitowarsu ta farko, amma sau da yawa ba a samun fitowar 'yan shekarun baya-bayan nan a ciki. A 2006 ya fito da wani shiri na sauƙaƙa wa makarantun Afirka shiga. Na biyu Project MUSE, na Jami'ar Johns Hopkins, wanda ya fi ƙarfi a sababbin fitowar mujallun adabi da tarihi. Na uku MLA International Bibliography. Shi wannan jagora ne: zai gaya maka wa ya rubuta me, a wace mujalla, a wace shekara, sai ka je ka nemo maƙalar. Na huɗu Early English Books Online, wanda ke ɗauke da hotunan shafukan littattafan Turanci da aka buga daga 1473 zuwa 1700. A nan mai nazarin Shakespeare zai ga yadda aka buga tarin wasanninsa 36 a 1623, shekara bakwai bayan rasuwarsa. Na biyar ƙamus ɗin Oxford English Dictionary, wanda aka sa a intanet a 2000. Yana nuna yadda ma'anar kalma ta yi ta sauyawa, don kada ka fassara kalmar da aka rubuta shekara 400 da suka wuce da ma'anarta ta yau.

Ba kowace jami'a ce ke da dukan waɗannan ba, saboda tsada. Amma akwai na kyauta. Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da tsofaffin littattafai fiye da 70,000, har da na Shakespeare da Charles Dickens da Jane Austen. African Journals Online, da aka fara a 1998, yana tara mujallun da ake bugawa a Afirka, da yawa daga maƙalolinsa kuma ana karanta su ba biya. Google Scholar, wanda ya fito a 2004, yana taimakawa wajen gano maƙaloli da kuma waɗanda suka ambace su daga baya.

Ga misali don abin ya fito fili. A ce malami ya tambaya, shin Joseph Conrad ya yi wa 'yan Afirka adalci a littafinsa Heart of Darkness? Mataki na farko, ka ɗauko littafin daga sashen PR ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Na biyu, ka shiga rumbu. Kada ka rubuta tambayar malam gaba ɗayanta, ka zaɓi muhimman kalmomi kawai. In ka sa sunan littafin tsakanin alamun zance, kwamfuta za ta nemo kalmomin a jere yadda ka rubuta su. In ka sa kalmar AND tsakanin Conrad da Achebe, za ta kawo rubutun da ya ambaci su biyun tare. Nan za ka tarar cewa a 1975 Achebe ya gabatar da lacca a Jami'ar Massachusetts, aka buga ta a 1977, inda ya zargi Conrad da nuna wariyar launin fata da ƙasƙantar da baƙar fata. Za ka kuma tarar cewa a 1983 wani masani Bature, Cedric Watts, ya mayar masa da martani yana kare Conrad. Yanzu kana da ɓangarori biyu. Sai ka koma littafin ka auna, ka faɗi wanda hujjarsa ta fi gamsar da kai da dalilinka. Wannan shi ne nazarin adabi.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko, ba duk abin da waya ta kawo ba ne ilimi. Akwai shafukan taƙaita littattafai da ba a san marubutansu ba, akwai kuma manhajojin nan masu amsa tambaya, waɗanda wani lokaci sukan ƙirƙiro sunan littafin da babu shi a duniya. Kowace magana sai an bi ta zuwa tushenta. Na biyu, kwafo rubutun wani ka ce naka ne sata ce, jami'o'i kuma suna hukunta mai yin ta. Duk abin da ka ɗauko, ka rubuta sunan mai shi, da sunan mujalla, da shekara, da shafi, tun a lokacin da kake karantawa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu ɗalibai, kada mu jira sai mun shiga jami'a. Mu riƙa shiga laburaren makarantarmu, ko da littattafan ba su da yawa, mu koyi karanta lambobin nan, mu saba karanta littafi har ƙarshe, mu daina dogara ga taƙaitawa. In mun shiga jami'a kuma, mu halarci bitar da ake yi wa sababbin ɗalibai a kan amfani da laburare, mu riƙa tambayar ma'aikatansa, domin da ɗan gari akan ci gari. Ku kuma iyayenmu, in mun zo hutu ku tura mu laburaren gari in akwai. In kun saya mana data, ku tambaye mu me muka karanta da ita. Ranar da za ku kai ɗanku jami'a, bayan kun ga ɗakin kwanansa, ku ce ya nuna muku katinsa na laburare.