Asusun Lafiya: A Biya Tun Ana Kan Ƙafa

Ciwo ba ya sallama, kuma ba ya duba aljihu kafin ya shigo gida. A ƙasarmu ta Kankiya da Kusada ya fi yawa a watan Agusta. Ruwa ya zauna, sauro ya yi yawa, hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana kuwa bai nuna ba. A daidai nan yaro zai kwanta da zazzaɓi. Maigida ya laluba aljihu, babu. Sai a ce a bari zuwa gobe. A sayo ƙwaya biyu a kemis, a jiƙa sassaƙe. Bayan kwana uku yaro ya fara jijjiga, tafin hannunsa ya yi fari fat. Yanzu kam dole a hau mashin zuwa Babban Asibitin Kankiya, a nemi ƙarin jini. A kama akuyar uwar yaron a kai kasuwa, a sayar da ita a wulaƙance, domin mai saye ya ga gaggawa a fuskar mai sayarwa.

Wannan labari ba na gida ɗaya ba ne. A Najeriya, cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan magani da asibiti, fiye da naira 70 daga aljihun marar lafiya da danginsa suke fitowa. Akwai ƙasashen da suka daɗe da barin wannan hanya. Bari mu leƙa ɗaya daga cikinsu.

Ƙasar ƙanƙara

Kanada tana arewa da Amurka. A tsakiyarta akwai wani lardi mai suna Saskacewan. Fili ne shimfiɗaɗɗe, mutanensa manoman alkama ne. Mu nan idan hunturu ya buso a Disamba da Janairu, mukan hura wuta a tsakar gida, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, mu ce sanyi ya kai maƙura. A can, ma'aunin sanyi yakan sauka zuwa 30 ƙasa da sifiri. A sifiri ruwa yake daskarewa. Ko cikin firjin da ake yin ƙanƙarar sayarwa bai kai wannan sanyi ba.

A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 9 na safe, kuma ta faɗi wajen ƙarfe 5 na yamma. Dusar ƙanƙara takan rufe gona da hanya wata da watanni. Kafin mutum ya tafi aiki sai ya ɗauki shebur ya kwashe ta daga ƙofar gidansa. Da dare ana jona injin mota da wutar lantarki, don kada ya sandare ya ƙi tashi da safe. Wanda ya fita babu safar hannu da hula, sanyi yana iya cin yatsunsa da kunnuwansa har a kai ga yankewa. Tsofaffi suna zamewa a kan ƙanƙara su karye a ƙugu. Duk da haka yara suna zuwa makaranta, ana buɗe kantuna, rayuwa tana tafiya.

Shekara ɗari da suka wuce, manoman nan talakawa ne, ƙauyukansu nesa da juna. Likita yakan zo gari ya zauna, ya ga babu mai iya biyansa, ya tattara kayansa ya koma birni. A 1915 mutanen wata gunduma mai suna Sarnia suka ga likitansu yana shirin tafiya. Sai suka yanke shawara a riƙa ba shi dala 1,500 a shekara daga harajin gunduma, ya zauna ya duba kowa. Maƙwabta suka ga abin ya yi kyau, su ma suka ɗauka. Bayan 1930 fari ya auka wa lardin shekara da shekaru, iska ta kwashe ƙasar gona, alkama ta yi arha. Mutane suka ƙara ɗanɗana abin da ake nufi da ciwo a gidan da babu kuɗi.

A 1944 aka zaɓi wani limamin coci mai suna Tommy Douglas ya shugabanci lardin. Yana yaro ya yi ciwon ƙashi a ƙafa, har likitoci suka yi maganar yanke ta. Iyayensa ba su da kuɗin babban likita. Wani ƙwararren likitan tiyata ya yarda ya yi masa aiki kyauta, da sharaɗin ɗalibansa za su tsaya su kalla. Ƙafa ta tsira, shi kuma bai manta cewa sa'a ce ta cece shi ba. A ranar 1 ga Janairu 1947 gwamnatinsa ta fara tsarin asibiti na kowa da kowa. Kowane mutum ya ba da dala 5 a shekara, gwamnati ta cika da haraji, wanda aka kwantar a asibiti ba ya biyan kuɗin gado. A 1962 aka haɗa da kuɗin ganin likita. Likitoci suka ƙi, suka yi yajin aiki na kwana 23, daga baya aka sasanta. A 1966 gwamnatin tarayyarsu ta yi doka don sauran larduna su bi, kuma zuwa 1972 tsarin ya game ƙasar duka.

Yau mutumin Kanada kati yake nunawa a asibiti. Mai shara da mai kamfani layi ɗaya suke bi. Mace ta haihu, ko da an yi mata tiyata, ta ɗauki jaririnta ta koma gida babu takardar bashi. Amma kada wani ya ce maka aljannar duniya ce. Haraji mai nauyi suke biya. Wanda ke son a gyara masa gwiwa yakan jira watanni kafin layi ya zo kansa. Tabarau da aikin haƙori da maganin da ake saye a kemis ba duka tsarin ya ɗauke wa kowa ba. A larduna da dama, har kuɗin motar ɗaukar marar lafiya sai an biya. Su ma suna gunaguni, sai dai babu mai sayar da gonarsa don an kwantar da ɗansa.

Mu yi lissafi

Ɗauki fensir. A ce magidanta 100 a Rimaye ko Mawashi kowa ya ajiye naira 1,000 a wata. A wata ɗaya an tara naira 100,000. A shekara an tara naira 1,200,000. Shin dukansu za su kwanta ciwo a wata guda? A'a. Wannan watan mutum uku ne, wani watan biyar. Kuɗin masu lafiya shi zai yi jinyar marasa lafiya.

Abin ya yi kama da adashi, amma akwai bambanci, kuma nan ne mutane suke ruɗewa. A adashi kowa yana jiran ranar kwasarsa. A asusun lafiya wanda ciwo ya kama shi ne yake kwasa. Idan shekara ta ƙare ba ka je asibiti ba, ba za a mayar maka da kuɗinka ba. Sun tafi wajen haihuwar matar maƙwabcinka, ko ƙarin ruwan ɗan wata bazawara. Wasu sukan ce biyan kuɗin ciwo tun ba a yi ba kiran ciwo ne. Ni ban ga haka ba. Lafiya da cuta duka na Allah ne, kuma tanadi bai taɓa hana tawakkali ba.

Abin da muke da shi a gida

A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa. Dokar ta ce a ware aƙalla naira 1 cikin kowace 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, a zuba a asusun kula da lafiya a matakin farko. Manufa ita ce kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti guda mai aiki sosai. Daga wannan asusu ake biya wa masu rauni: mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da waɗanda ba su da hali. Wanda aka yi wa rajista a wannan rukuni ba ya zuba ko sisi.

A 2018, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, Jihar Katsina ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya. A takardu za ka ga an rubuta sunanta da manyan baƙaƙe haka: KTSCHMA. Ka koyi gane su. Ma'aikatan gwamnati daga albashi ake cire nasu. Manomi da ɗan kasuwa da tela da mai sayar da ƙosai su ma an buɗe musu ƙofa, su biya na shekara da kansu. A watan Mayun 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta kuma ce inshorar lafiya ta zama wajibi ga kowane ɗan ƙasa. Doka ta faɗi haka, amma har yau mafi yawan mutanen ƙauyukanmu ba su da kati. Da yawa ma ba su ji labarin ba.

Ga yadda zance yakan kasance a teburin rajista.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. An ce ana rubuta mutane a ba su magani kyauta."

"Ana rubutawa, Baba. Kun zo da takardar NIN?"

"Ga ta nan. Har da ta mai ɗakina."

"Madalla. To ku duba nan, wannan sunanku ne? Ku karanta da kanku."

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi shafarmu, mu da muke wannan aji na koyon karatu. Idan an rubuta Sani a wata takarda, aka rubuta Sanusi a wata, ranar ciwo za a ce ba kai ba ne. Ka duba sunanka baƙi bayan baƙi. Ka duba sunan asibitin da aka rubuta maka, domin can za ka fara zuwa. Ka duba ranar da katin zai ƙare. Idan ka biya kuɗi, ka karɓi rasit, ka sa shi a leda tare da katin, ka ajiye inda gara da ruwa ba za su kai ba. Kada ka miƙa kuɗi ga wanda ya tare ka a kasuwa ya ce shi wakili ne.

Akwai wani abu da ya kamata mai iyali da yawa ya tambaya tun farko. A tsarin ma'aikatan tarayya, kati ɗaya yana ɗaukar maigida da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Sauran sai an ƙara kuɗi. Mai mata biyu da 'ya'ya goma ya tambaya a fili su wa aka rubuta, don kada rigima ta tashi a gida daga baya. Ka kuma tambaya yaushe katin zai fara aiki, domin akan jira wani lokaci bayan rajista. Wanda ya bari sai ciwo ya kayar da shi sannan ya nemi kati, ya makara.

Asibiti hawa-hawa ne. Zazzaɓi, gudawa, tari, awon ciki, haihuwa marar matsala, awon hawan jini, duk a ƙaramin asibitin mazaɓa ake fara su. Yawancin ma'aikatan da za ka tarar a can 'ya'yanmu ne, wasunsu ma a makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya suka yi karatu. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, za su rubuta maka takardar turawa zuwa Babban Asibitin Kankiya. Idan ya fi ƙarfin nan ma, a tura ka Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa. Wanda ya tsallake da kansa babu takarda, daga aljihunsa zai biya. Amma mace mai zubar jini, ko yaro mai jijjiga, ko wanda maciji ya sara, a garzaya da su asibiti mafi kusa, maganar takarda ta biyo baya.

Wasu abubuwan ko babu kati kyauta ne. Allurar riga-kafin yara kyauta ce. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne. Maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 da damina, shi ma kyauta ne. Sau ɗaya a wata ake zuwa, ma'aikaci ya ba da na ranar farko, uwa ta ba da na kwana biyun da suka rage. Kada a ajiye shi a kan taga a manta.

Gaskiya ɗaya ce, tsarinmu bai kai na ƙasar ƙanƙara ba, ko kusa. Wata rana za ka nuna kati a ce magani ya ƙare, a rubuta maka ka sayo a waje. Wata rana ka tarar da ma'aikaci ɗaya da mata hamsin a kan benci. Idan haka ta faru, zagi a majalisa ba ya gyara komai. Ka rubuta ranar, ka rubuta sunan maganin. Ka kai wa shugaban asibitin, ko kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda aikinsa ne sa ido a kan asibitin. Idan ba a gyara ba, ka kai ofishin hukumar KTSCHMA. Ƙorafin mutum ɗaya da baki yakan bi iska. Takarda mai sa hannun mutum ashirin ba a cika jefar da ita ba.

Kaka ce lokacin da manomi yake da kuɗi a hannu, ita ce kuma lokacin yin wannan rajista. Kafin darasi na gaba, ka je asibitin mazaɓarku da littafinka da fensir. Ka tambaya ko yana cikin asibitocin asusun, nawa ne kuɗin shekara, su wa ake yi wa kyauta. Ka rubuta amsar da hannunka, ka kawo aji mu karanta tare.